Dammunan Aro a Bakin Rumbu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya tsare ki a wannan tafiya, ya kai ki Faransa lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya maido mana da ke da abin da kika je nema. Amin.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. Ke 'yar fari ce. Tun kina goye ban taɓa zaunar da ke na yi doguwar magana ina kallon idonki ba, kuma ba yanzu da furfura ta gama cin kaina zan koya ba. Ga shi kin ci sunan mahaifiyata, kunyar ta zama biyu. Rubutu kuwa shi ne aikina tun ina saurayi, shi ya sa na fake a bayansa.

Kwana huɗu suka rage motar Yamai ta ɗauke ki daga Tasawa. Ba zan cika ki da maganar sanyi da sallah da zaɓen ƙawaye ba, innarki ta faɗa ta kuma maimaita har na haddace. Maganata ɗaya ce, a kan tsofaffin takardun binciken nan da kika kwafo daga Yamai, waɗanda kike shirin gina karatunki a kansu. Akwai ƙarya a cikinsu, kuma ni na sa ta.

Ki tuna ranar da kika shimfiɗa su a kan tabarma a zaure. Kin yi mini bayani da manyan kalmominku na jami'a, na gane rabi. Abin da na gane shi ne, kina so ki nuna cewa lokacin da manomanmu suka shiga kasuwar duniya ta hanyar gyaɗa, ba su yi asarar abincinsu ba, sun samu kuɗi kuma rumbunansu na cike. Hujjarki mafi ƙarfi ita ce ƙauyenmu na wajen Korgom, inda wani Nasara ya zo ya leƙa rumbuna da idonsa ya rubuta abin da ya gani. Sai kika sa yatsa a ƙasan shafi kika ce, "Baba, ashe kai ka yi mishi tafinta. Ga sunanka nan ya sa cikin godiya." Fuskarki ta cika da murna. Na ce madalla, na tashi na tafi masallaci tun ba a kira sallah ba. Tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

Bari in fara daga farko, don ki ga yadda mutum yake kai kansa inda na kai.

Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, ina da takardar gama lekwal, wato makarantar boko, a aljihu, ina jin duk ƙasar Tasawa babu mai kai irin nawa. Ba da jimawa ba aka ɗauke ni malamin sikeli a kasuwar gyaɗa. Ke ba ki ga wannan zamanin ba. Da kaka ta yi, jakuna da raƙuma ke shigowa daga Korgom da Kona, har daga wajen Mayahi. A jera buhuna har su fi soron kumandan mai mulkin gari tsawo, manyan motocin kamyon na shiga na fita. Teloli ba sa ɗaga kai daga keke, masu kwanon samira da atamfa da rediyo suna baje kaya a gefen sikelina. Ina rubuta kilo, ana biya, mutum ya juya ya sayi keke ya tura shi har gida don bai iya hawa ba tukuna. Na san buhunan suna bin hanyar Kano ko ta Kwatano su shiga jirgin ruwa. Abin da ke faruwa da su bayan nan ban taɓa tambaya ba, kuma ban ga dalilin tambaya ba.

A gida kuwa, Yaya Nomau ne ke riƙe da gandu tun rasuwar mahaifinmu, Inna tana wajensa. Tsarin tsohonmu mai sauƙi ne. Gandu na hatsi ne, gyaɗa sai a gayauna, 'yar gonar da kowa ke noma wa kansa. Sannan akwai rumbu guda na tsimi da ba a taɓa shi sai sabon hatsi ya shigo an ga ya isa. Ni na ga wannan tsari ne na mutanen da ba su je lekwal ba. Duk hutun da na je sai na zauna a kan Yaya, ina yi masa lissafin abin da gandun zai kawo in an zuba masa gyaɗa.

Wata rana ya ce mini, "Habu, wanga kuɗin da ake ba mu, wa ke yanka shi?"

Na ce, "Gwamnati."

"Ita kuma wa ke yanka mata?"

Na ce, "Yaya, Nasara ba su iya cin abinci ba mai. Muddin suna ci, gyaɗa ba ta faɗuwa."

Ya ce, "To in sunka samu wani mai fa?"

Dariya na yi masa. Inna tana gefe tana kaɗi, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an tuƙa tuwo da gyaɗa ba. Ita ma na yi mata dariya, cikin ladabi dai. Daga ƙarshe Yaya ya bi ni, ba don na gamsar da shi ba, sai don ƙanensa ne mai karatu kuma yana jin nauyin a ce ya ƙi maganar mai karatu. Shekara biyu ko uku abin ya yi kyau, ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Sai wata safiya takarda ta zo da sabon kuɗin kilo, ya sauka ƙasa. Ni na rubuta shi da alli a allon kasuwa. Manoma suka tsaya suna kallona kamar ni na rage. Daga baya ne na ji cewa dā ma Faransa tana sayen gyaɗarmu sama da abin da sauran duniya ke biya, bisa wani shiri tsakaninta da ƙasashen da ta mulka. Da ta haɗa kasuwa da maƙwabtanta sai shirin ya tashi, ga kuma wasu irin mai sun shigo musu da araha. Tambayar Yaya ce ta tabbata, shi da bai san ko harafi ɗaya na boko ba.

Don haka in kin zauna gaban allunan farashi a can, kada ki tsaya a hawa da sauka. Ki tambayi wa ke yankawa, a wane gari, kuma wa zai iya cewa ya fasa ya koma wani wuri. Mai sayenmu yana da inda zai juya, mu kuwa mun riga mun shuka. In wani tsoho ya yi miki tambayar da ta yi miki kama da ta jahilci, ki rubuta ta kafin ki yi dariya.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma mai girman kai in ya faɗi, hanyar gyara yake nema wadda ba za ta sa ya ce ya yi kuskure ba. Na koma wa Yaya da sabuwar dabara. Na ce hatsin tsimi yana kwance ba ya haihuwa, a sayar da shi, in ɗauki kuɗin in saro atamfa a Katsina in sayar a Tasawa, kafin damina mun mayar da hatsin har da riba. Ya ce in yi abin da na ga ya dace. Ranar da aka buɗe rumbun Inna ba ta fito daga ɗaki ba.

Na canza kuɗin zuwa fam na Najeriya, kamar yadda na ga fatake suna yi. Lokacin ana yaƙi a can, iyaka yau a buɗe gobe a rufe. Na ce bari in jira ƙura ta lafa. Ina cikin jira aka wayi gari sun canza takardun kuɗinsu, suka ba da 'yan kwanaki a kai tsofaffin. Kafin labari ya iso ni, kafin in samu hanyar tsallakawa, wa'adin ya wuce. Kin san gwangwanin shayin nan da ke ƙasan akwatina, wanda kika taɓa buɗewa kina yarinya kika yi wasan kasuwa da takardun ciki, na daka miki tsawa har kika yi kuka? Wannan shi ne rumbun tsimin kakanki.

Ku a karatunku kuna da suna mai kyau na irin wannan abu, na ji kin faɗe shi. Ni abin da na sani, kuɗin kowace ƙasa alkawari ne na mutanen da ba su san da kai ba, kuma ranar da za su canza shi ba za su aiko maka ba. In kin zo rubutu a kan kuɗin waje da bashin ƙasashe, ki nemi wanda labari ke isa wajensa a ƙarshe, don shi ke biya. Sannan kada ki taɓa ba mutum shawarar ya sayar da abin da yake ci don ya sayi abin da zai sayar, sai in ke ma za ki kwana da yunwa tare da shi in abin ya ɓaci. Ni albashina bai tsaya ba ko wata ɗaya.

Yanzu na zo kan Nasaran.

A lokacin an mayar da ni biron sufurefe, wato ofishin shugaban gundumarmu, ina aikin rubutu da tafinta. Damina biyu a jere ruwa bai yi kirki ba, ƙasar gandu kuma gyaɗa ta tsotse ta. Bayan kaka sai ga wani mai bincike an aiko daga Yamai, yana so ya san ko noman gyaɗa ya rage wa mutane abinci. Mutumin kirki ne, ba ni da abin zarginsa da shi. Ba ya ƙyamar furarmu, yana cire takalmi in zai shiga zaure. Ya ce ba ya son a gaya masa da baki kawai, yana so ya hau tsani ya leƙa rumbu da kansa. Aka ce in zaɓar masa ƙauye, na zaɓi namu, don a ga ɗan gari ya kawo Nasara mai mota.

Na riga shi zuwa da kwana biyu don in shirya masauki. Na zaga gari gida-gida. Kaka ce, amma rumbunan gari in ka ƙwanƙwasa su sai ka ji suna amsawa. Gida biyu ne kawai ke da hatsin kirki, na mai gari da na wani dattijo da ya ƙi gyaɗa tun farko, wanda na sha yi wa ba'a. Sauran duk maganata suka bi, don sun ga gidanmu ya bi.

Kin san halinmu. Magidanci zai yarda ya kwana da ruwan zafi a ciki, amma ba zai yarda baƙo ya ga gindin rumbunsa ba. Rumbu shi ne suturar gida. Wanda aka ga nasa wayam, gobe ba mai ba ɗansa mata, ba mai sauraron maganarsa a ƙofar mai gari. Da na tara magidanta na ce Nasara zai hau ya leƙa, kowa ya sunkuyar da kai. Ni kuma ina da tawa kunyar da ta fi tasu. In aka rubuta cewa garin malamin sikeli ba abinci, to duk wa'azin da na yi shekaru ya zama abin dariya a biro. Na ƙara musu da tsoro, na ce in aka ga ba mu da komai, ba za a ba mu irin gyaɗa baɗi ba. Ban san ko gaskiya ne ba, na faɗa ne kawai don su yarda.

Dabarar tawa ce, ba ta kowa ba. A cika cikin rumbu da kara, a jera dammunan hatsi a sama har baki. Muka aro dammuna daga gidan mai gari da na dattijon nan. Ba su isa kowane gida ba, amma na san Nasaran yana duba gida biyu da safe, ya ci abinci ya kwanta daga azahar zuwa la'asar, sannan ya duba biyu. Yana kwanciya sai a sauke dammunan daga rumbunan da ya gani, a ɗora wa jakuna, a bi ta bayan gari a kai gidajen da zai je. Haka muka yi kwana huɗu. Akwai wani dami da aka ɗaure da jan tsumma, na gan shi a rumbu biyar. Shi kuwa yana saman tsani yana gyaɗa kai yana rubutu. Har aka riƙa raha da abin a gari, ana cewa hatsin mai gari ya fi mai gari yawon gaisuwa.

Yaya Nomau kaɗai bai yi dariya ba. Da jakuna suka iso ƙofarsa ya tsaya ya dube ni ya ce, "Habu, ku zuba, ba ni hana ka. Amma in ya tambaye ni, gaskiya zan hwaɗa mishi."

Ya kuwa tambaye shi. Bayan ya sauko daga tsani ya ce in tambayi mai gidan ko abin da ke ciki zai kai shi sabuwar kaka. Yaya ya dubi Nasaran, ba ni ba, ya ce, "Wanga hatsin ba nawa ba ne. Abin da ke gare ni bai kai ni watan bazara." Na juya na ce da Faransanci, mai gida ya ce zai kai shi har ya rage. Nasaran ya yi murmushi ya miƙa wa Yaya hannu. Yaya ba ya jin Faransanci, amma ya ga murmushin, ya san abin da na yi. Ya karɓi hannun, ya shige gida.

Ga nasihata a nan, kuma ita ce ta fi zama taki, don aikin da za ki yi ke nan. Duk adadin da kika gani a takarda, wani ne ya faɗe shi ga wani, a wata rana, a gaban mutane. Ki tambayi wa ya faɗa, wa ke tsaye a wurin, wa ya fassara, kuma me mai fassarar zai rasa in an faɗi gaskiya. Mutanenmu suna ɓoye arziki don tsoron haraji, suna ɓoye talauci don tsoron kunya, kuma mutum ɗaya yana iya yin duka biyun a wuni ɗaya. Ke kin fi Nasaran sa'a, kina jin harshen. Kada ki bari kowa ya shiga tsakaninki da mai magana, ko da ɗan gari ne, musamman ma ɗan gari mai albashi. In kin hau tsani ki zura hannu har ƙasa. Ki koma ƙauyen da bazara, ba da kaka kaɗai ba, kuma ki zauna da mata a wajen daka, su suka san tiya nawa ake fitarwa.

Na ɗauka takardar za ta je Yamai ta kwanta a kabad kamar sauran. Ba haka aka yi ba. Damina ta gaba ta zo ba ruwa sam, fari ya kama ƙasa duka. Da hatsin taimako ya fara isowa daga waje, ba shi da yawa, dole a zaɓi garuruwan da za a fara kai wa. Aka jawo duk takardun da ke akwai don a tsara jeri. Garinmu aka sa shi can ƙarshe, cikin masu tsimi.

Yaya ya tako da ƙafa daga Korgom har biro. Ina zaune a teburina kusa da taga lokacin da ya shigo, rigarsa ta yi masa yawa. Ya gaida mai rabon ya ce garinsu ba abinci. Mutumin ya buɗe takarda ya ce, "Ku ai an leƙa rumbunanku an gani. Ku yi haƙuri a fara da waɗanda ba su da komi." Yaya ya juyo ya dube ni. Taku uku ne tsakanina da teburin mutumin. Da na tashi na ce ni na shirya abin da aka gani, da wataƙila an kore ni, da kuma an gyara jerin. Ban tashi ba. Na sunkuyar da kai ina gyara takardun da ba su bukatar gyara. Da ya fita na bi shi waje na ba shi abin da ke aljihuna da alkawarin buhu ɗaya ƙarshen wata. Ya karɓa ya ce Allah shi saka.

Buhu ɗaya ba ya riƙe gida mai mutum goma sha, balle gari. Kafin layi ya zo kansu rabin garin ya watse. Yaya ya jinginar da gandu, ya kwashi iyali ya yi kudu, ya tsallaka iyaka wajen Daura neman aikin ƙodago. Na aika a kawo mini Inna Tasawa, ta ce ba ta barin jikokinta. A kan jaki ta yi tafiyar, da tsufanta. Ba ta kai wata biyu a can ba ta rasu, aka rufe ta a garin da ba wanda ya san sunan ubanta. Ban samu jana'izarta ba. Shekara ta zagayo aka haife ki, na sa miki sunanta. Ba na cewa ni na hana ruwa sauka, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma na san abin da hannuna ya yi, kuma ina jin zafinsa yau kamar ranar.

In kin yi kuskure a aikinki, kuma za ki yi, ki gyara shi a ranar da gyaran ke da arha. Nawa gyaran a ƙofar Yaya kuɗinsa kalma ɗaya ce. A biro kuɗinsa ya zama aikina. A zaure ran nan ya zama girmana a idonki, na kuma sake yin shiru. Da na bar ki kin tafi, da kin tsaya gaban malamanki kin kafa hujja da dammunan aro, wani ya karanta naki ya kafa tasa, har wata rana a sake gaya wa wani manomi cewa takarda ta ce yana da abinci.

Ban ce ki watsar da bincikenki ba, kuma ban ce ciniki da waje sharri ne ba. Gyaɗa ce ta yi mini rufin kwano, ta kai yara da yawa lekwal, ta kawo rijiyar siminti a garuruwan da ba su taɓa gani ba. Wataƙila a wani ƙauyen abin da kike zato gaskiya ne. Ki je ki nemo, ki rubuta abin da kika samu ko ya yi wa malamanki daɗi ko bai yi ba. Amma namu ki cire shi daga hujjarki, ko ki sa shi yadda yake.

Baba Nomau da kika sani ya dawo bayan shekara uku, ya fanshi rabin gandun da guminsa. Tun daga lokacin bai taɓa ɗaga mini maganar ba. Muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da jana'iza, ke shaida ce. Kin kuma san damin hatsi guda da yake aiko mana duk kaka a kan amalanke, wanda innarki ke cewa Yaya ba ya mantuwa da zumunci. Ba ya haɗo shi da saƙo. Shekara kusan talatin ina karɓa, har yau ban san ko yafiya yake aiko mini ba ko tuni, kuma ban yi ƙarfin halin tambaya ba.

Ga abin da nake roƙonki. Gobe ko jibi ki hau babur ki tafi wajensa, kada ki ce sai kin dawo hutu. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya tafi, kuma cikin magidantan da suka ga jakunan nan shi kaɗai ya rage. Ki tafi da littafinki da alƙalami. Ki yi masa tambayar da Nasaran ya yi masa, ki rubuta amsarsa da bakinsa, yadda ya faɗe ta. Ya ba da ita sau ɗaya ba ta isa takarda ba. Ni ba zan raka ki ba, na yi masa tafinta sau ɗaya ya isa. In ya tambaya wa ya aiko ki, ki ce Habu ne, ki ce kuma ya gaya miki komai.

In Allah ya sa kin kammala littafinki, kada ki sakaya ni. Nasaran ya sa sunana a wajen godiya. Ke ki sa shi a shafin da kike bayanin yadda aka cika rumbunan. Ba na son ki rufa mini asiri a nan, don rufin asiri ne ya kai mu inda muka je.

Ban san da wane ido za ki dube ni gobe da safe in kin kawo mini kunu ba. Ina jin tsoron wannan fiye da yadda na ji tsoron sufurefe. In kin ajiye kwanon kin fita ba ki ce komai ba, na gane, ba zan riƙe ki ba. Ina alfahari da ke, ban taɓa faɗa miki ba, to ga shi na rubuta.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki a hanyar Korgom da ta Yamai da cikin jirgi. Ya kare ki daga sharrin mutane da sharrin son a yabe ki. Ya jiƙan mai sunanki, ya sa ta yafe mini. Ya sa in ga dawowarki, in kuwa ban gani ba, ya sa ki same ni cikin addu'arki. Amin.

Ki tafi wa Yaya da goro da sukari, na ajiye a kan akwatin zaure. Gwangwanin shayin ma yana nan kusa da su, ki ɗauka ki tafi da shi Faransa.

Mahaifinki,
Habu